Likkafanin Alminiyom a Kan Tsofaffin Kantunan Ankara

Wata sabuwar al'ada ta shigo tsakiyar birnin Ankara, muna zaune muna kallo tana cin tsofaffin kantuna ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya bi ta Okaishie, ya ratsa Zongo Lane da Cow Lane har ya hau Tudu, ya ga abin da muke nufi. Gini mai shekara tamanin ko casa'in, mai baranda da ginshiƙai da tagogin katako, sai a wayi gari an kakkafa masa ƙarafa a fuska, an lulluɓe shi da faifan alminiyom mai sheƙi, wanda kowa ke kira Alucobond ko da na wane kamfani ne. Wani kuma a manna masa tayil irin na banɗaki tun daga ƙasa har bakin kwano. Wanda mai shi ba ya da ƙarfi sosai, a watsa masa siminti a bi da fentin mai. Daga nan mai gini ya koma gefe ya riƙe ƙugu yana cewa ya gyara, maƙwabta su zo barka, wata mai zuwa a ƙara kuɗin haya. Mu dai a wurinmu likkafani aka sa wa ginin tun yana da ransa, kuma cikin masu ɗinka likkafanin nan akwai 'yan zango ba kaɗan ba, masu gidaje da 'yan haya.

Bari mu fara da bangon kansa, domin rashin saninsa shi ne tushen ɓarnar. Mafi tsufa a cikin gine-ginen nan sun tashi ne bayan Turawan Ingila sun mai da fadar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Ankara a 1877, aka yi ta gini har zuwa zamanin gwamna Guggisberg, lokacin da kuɗin koko ya cika gari, aka kafa kasuwar Makola a 1924. Da yawansu da jan bulo aka gina su, ko da dutse, ko da jar ƙasa, aka shafe su da farar ƙasa. Ita farar ƙasar nan a bakin tekun ƙasarmu tun zamanin ganuwoyin Turawa ake samun ta, ta hanyar ƙona ɓawon ƙumba. Halinta shi ne tana barin danshi ya wuce. Irin wannan bango yana shan ruwa daga ƙasa da damina, yana shan iskar teku mai gishiri dare da rana, amma da rana ta fito sai ya fitar da abin da ya sha ta fuskarsa, ya bushe. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru bai faɗi ba.

Siminti ba shi da wannan hali. Idan aka shafa shi a kan tsohon bango, ruwan da ke tasowa daga tushe ba ya fasa tasowa, hanyar fita ce kawai aka toshe masa. Sai ya yi sama, ya nemi cikin shago, ya taru a bayan shafen. Gishirin da ke cikinsa ya daskare a jikin bulo ya riƙa marmashe shi. Kawunan katakan da ke ɗauke da bene, waɗanda aka cusa cikin bango, su jiƙe su ruɓe, gara ta samu gida. Shi ya sa za ka ƙwanƙwasa bangon da aka shafe shekara biyar da suka wuce ka ji yana amsawa kamar ganga. Shi ya sa mai sayar da atamfa ke kukan kayansa suna warin ruma alhali daga waje shagon sai walƙiya yake. Tayil da fentin mai duk aikinsu ɗaya da siminti, sai dai sun fi shi iya ɓoye laifi.

Ba sai mun ƙetare teku neman hujja ba, tana nan a Larabanga. A shekarun 1970 aka ga masallacin nan mai daɗaɗɗen tarihi yana shan wahalar ruwan sama, sai aka shafe shi da siminti da yashi da niyyar kare shi. Niyya mai kyau ce, amma danshi ya maƙale a cikin ƙasar ginin, gara ta cinye itatuwan da ke riƙe da shi, har wani sashe ya rushe. A 2002 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na duniya da ke cikin haɗari. Da masana suka zo tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Gana da maginan garin, abin da suka fara yi shi ne ɓamɓare simintin gaba ɗaya, suka koma ga yaɓen ƙasa irin na kakanni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma an kashe kuɗi sau biyu, na sa siminti da na cire shi. Wannan abu ya faru a ƙasarmu, a kan masallaci, an rubuta shi an yaɗa, amma har gobe birkila zai dube ka ya ce ai siminti ya fi ƙarfi. Ƙarfi ya fi, ba mu musa ba. Ƙarfin nasa ne ke kashe bango mai taushi.

Gine-ginen da suka zo daga baya, na shekarun 1940 zuwa 1960, waɗanda aka zuba da kankare da rodi, tasu cutar daban ce. Iskar teku tana ratsa kankare ta kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta fasa kankaren daga ciki. Ku ɗaga kai ku dubi ƙarƙashin barandojin Tudu, za ku ga rodi a waje ja wur kamar haƙarƙarin akuya a teburin mahauci. Maganin wannan sananne ne. A sassaƙe wurin da ya lalace, a kankare tsatsar, a ƙara ƙarfe inda ya cinye, a sake rufewa. Aiki ne mai cin lokaci, ba ya kuma burge mai wucewa. Saboda haka sai a tsallake shi a kira mai alminiyom.

A nan ne fushinmu ya fi tsanani. Tsaga a bango magana ce, gini ne ke gaya wa masu shi inda ke masa ciwo. Wanda ya rufe tsagar da faifan alminiyom ya toshe bakin mara lafiya ne don kada baƙi su ji nishinsa. Bayan faifan nan ruwa na ci gaba da zuba, rodi na ci gaba da kumbura, ɓeraye da wayoyin lantarki sun samu zaure, kuma babu idon da zai sake ganin wurin sai ranar da baranda ta sauko a kan mai tallan ruwa. Ga kuma batun wuta. Mai arha daga cikin faifan nan roba ce a tsakiyarsa, alminiyom ɗin ɓawo ne kawai ciki da waje. Irinsa ne ya kai wuta daga hawa zuwa hawa a dogon benen Grenfell da ke Landan ranar 14 ga Yuni 2017, mutum 72 suka rasu. Mu da muka ga yadda Kantamanto ta zama toka a farkon Janairun 2025, mu da muka san yadda motar kashe gobara ke rasa hanyar shiga lungunan Makola, da wane hankali za mu naɗe shagon da ke cike da yadi da turare da katifa a cikin roba? Mutum nawa ne cikin masu sayen faifan nan suka taɓa tambayar abin da ke tsakiyarsa?

Mun san amsoshin da ake ba mu, mun sha jin su a majalisa da bakin masallaci.

Wasu suna cewa tsohon gini ai ya gama zamaninsa, sabo ya fi aminci. Muna tuna musu cewa duk ginin da ya girmi 1939 a tsakiyar Ankara ya ga girgizar ƙasar 22 ga Yuni na wannan shekara, ga shi nan tsaye. Katafaren kantin nan mai hawa da ya rufta a Achimota ranar 7 ga Nuwamba 2012 ya kashe mutum 14 kuwa sabo ne fil. Shekaru ba sa kayar da gini. Mugun aiki da sakaci su ke kayar da shi.

Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa a cikinmu, suna cewa me ya haɗa ɗan zango da kantunan Turawa da na Kwara? Ba kakanninmu suka gina su ba, su UAC da UTC da CFAO ne da attajiran Ga, wanda ya ga dama ya rushe abinsa. Wannan magana tana da kamar gaskiya, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Gaskiya ne ba mu muka aza tubalin yawancinsu ba. To amma wa ya raya su? Tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare Malam Naino ya sauka a Ankara, zangonsa ne ya bar wa Zongo Lane sunanta, ɗansa Malam Bako kuma ya fita ya kafa Sabon Zango. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu nan bakin teku, goro ya riƙa bin jirgin ruwa zuwa Ikko. A ƙarƙashin barandojin nan aka kwance huhun goro aka sake ɗaure shi. A nan dillalan shanu suka yi ciniki, teloli suka kafa kekunansu, masu tsakiya da masu turare da masu canji suka shimfiɗa tabarmi. Wasu daga cikin iyayenmu sun fara da tebur a bakin kantin Bature, suka kama shago, daga baya suka sayi ginin. Ko sunan Tudu da na Fadama kalmominmu ne, ba mu roƙi kowa ya sa su a taswira ba.

Kuma mu ne mutanen da aka taɓa ba wa mako biyu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi, aka ga mutanen da aka haifa a nan suna sayar da shaguna da gidaje a kan kuɗin da bai kai na ƙofa ba, wasu ko sayarwar ba su samu yi ba. Har yau ɗan zango yakan je neman takarda a dube sunansa a tambaye shi asalin garinsu. Jama'ar da ke cikin irin wannan hali ba ta da shaidar da za ta yi wasa da ita. Takarda takan ɓace, tsoho yakan rasu da labarinsa, amma ginin da aka rubuta shekararsa a goshinsa, wanda jika zai nuna ya ce a ƙarƙashin wannan baranda kakana ya sayar da goro shekara arba'in, shaida ne da ke tsaye a bainar jama'a. Idan muka rufe shi da alminiyom ya koma kamar kowane shagon sayar da waya na jiya-jiya, mun taimaka wa mai cewa jiya muka zo.

Sai masu cewa babu kuɗi. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba mu dariya, domin ƙarafa da faifai da gilashi mai duhu ba sadaka ake ba da su ba. Wanda ya iya sayen su ya iya sayen kwano da indararo da farar ƙasa. Kuɗi kam suna shiga gine-ginen nan. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma kowa ya san na shekara biyu ake karɓa, ban da maƙudan kuɗin shiga da ɗan kasuwa ke zubewa kafin a miƙa masa mabuɗin shago. Ina suke tafiya? A nan dole mu dubi gidajenmu. Mai gini ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyar, su ma sun hayayyafa, yau magada sun kai hamsin, wasu a Nima, wasu a Kumasi, wasu a Jamus da Amurka. Ranar rabon kuɗin haya kowa yana da waya, kowa ya san lissafi. Ranar da kwano ya yi yoyo kuwa sai ka ji ai ba ni kaɗai ba ne. Kowa na tatsar saniya, babu mai ba ta dusa. Malamanmu sun ƙware wajen raba gado kashi-kashi, Allah ya saka musu, amma muna jiran ranar da za su hau mumbari su gaya wa magada cewa barin dukiyar marayu ta ruɓe a ƙarƙashin ruwan sama shi ma cin amana ne.

Ɗan haya ma ba mu wanke shi ba. Shi ne ke fasa ginshiƙi don ya faɗaɗa ƙofa, ya cire tagar katako mai ramuka da ke shigo da iska ya toshe wurin da bulo, sa'an nan ya sayi na'urar sanyaya ɗaki ya rataya ta a fuskar gini tana ɗiga a bango dare da rana. Shi ne ke gine baranda ya mai da ita shago na biyu, ya tura masu tafiya cikin titi su yi ta kokawa da trotro. Barandar nan kuwa da gangan aka yi ta. Tana hana rana dukan bango, tana hana ruwa taɓa shi, tana ba talaka inuwa kyauta. Waɗanda suka gina ta ba su da lantarki, don haka suka yi tunani. Mu muna da lantarki, ga shi kuma idan an ɗauke wuta shagunanmu sun zama tanda.

Akwai kuma kamfanonin da ke zuwa da bokitin fenti su ce za su yi maka kwalliya kyauta, su mai da gidan kakanka rawaya ko ja tun daga sama har ƙasa da sunansu a kai. Allon talla suka samu ba tare da biyan abin kirki ba, mai gida kuma yana godiya.

Hukuma fa? Ma'aikatan majalisar birni ba sa gajiya da rubuta jan fenti a bango cewa a dakatar da aiki a kawo takardar izini, kuma kowa ya san yadda wannan zance yake ƙarewa. Ganuwoyin bakin teku, har da Ussher Fort da James Fort da ke nan kusa, sun shiga jerin kayan tarihi na UNESCO tun 1979, gine-ginen gargajiya na Asante suka bi a 1980. Madalla. Amma tarihin ƙasa bai tsaya ga kurkukun bayi da fadar sarakuna ba. Kantin da talaka ya ci abinci a cikinsa shekara ɗari shi ma tarihi ne, ga shi ba shi da mai tsaya masa. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 ciniki ya juya wa tsohuwar Ankara baya, aka bar Jamestown da kewayenta suna tsufa ba mai tambaya. Mun kuma ga yadda aka tashi Makola ta farko a 1979 cikin yini guda. Wanda ya ga wannan ya san cewa ginin da ya yi kama da kufai, ko wanda ya rasa kamanninsa har ba mai jin zafin rasa shi, ba ya daɗewa a gaban katafila. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017. Muna tambayar wakilanmu, cikin duk abin da aka tsara, ko akwai wanda ya kawo maganar koya wa samarinmu aikin gyaran tsofaffin gine-gine?

Domin sana'a ce, kuma mu ba baƙinta ba ne. A ƙasar Hausa gyaran fuskar gida aikin kowace shekara ne. Damina na wucewa a kira magina, a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe, mai hali ya sa makuba, a gyara zanko. Akwai Sarkin Magina, akwai ɗa da ke gadon ubansa a kan sana'ar. Birnin Agadas da wannan ɗabi'a ya kai har UNESCO ta karɓe shi a 2013, da ƙasa da itace kawai. Ba muna cewa a yaɓe kantunan Okaishie da laka ba ne, kowane bango da abin da ya dace da shi. Ɗabi'ar muke nufi, ta duba gini kafin ya yi kuka.

Gyara na gaskiya daga sama yake farawa. A hau a duba kwano, a sauya wanda ya huje, a share indararo, a tabbata ruwan da ya sauko yana da hanyar da zai bi ya bar gindin bango. Rabin cutar tsofaffin gine-ginen Ankara a nan take ƙarewa. Bayan haka a ɓamɓare simintin da aka shafa a kan bulo ko ƙasa, a hankali, da guduma da kurfi a hannu, a bar bangon ya sha iska ya bushe, ko da zai ɗauki watanni yana muni. Sa'an nan a shafe shi da farar ƙasa da yashi, kamar awo ɗaya ga uku, a bi da farin ruwanta maimakon fentin mai. Farar ƙasa ba ta son gaggawa. A hankali take ƙarfi tana shan iska, don haka idan da hunturu ake aikin sai an riƙa yayyafa mata ruwa ana rufe ta da buhu kada ta bushe da wuri ta tsattsage. Tagar katako kuma kafinta ya cire ruɓaɓɓen wurin ya yi mata ƙari. Katakon odum da aka yi su da shi ya fi duk wanda za ka saya yau a kasuwar katako, wauta ce a jefar da shi a sa gilashin da ba ya buɗuwa. Allon suna a yi shi daidai ƙofa, a bar goshin gini da shekararsa a fili. Inda kuwa aka ga tsaga mai faɗi ko baranda ta sunkuya, a kira injiniya tun kafin a kira mai fenti.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Kowane gida mai shaguna ya ware kuɗin hayar wata ɗaya a shekara kafin a yi rabo, a rubuta, a damƙa wa mutum biyu amintattu, ba a taɓa shi sai don rufi da bango. Sarakunan zango da shugabannin 'yan kasuwa su sa samari masu waya su bi layi-layi su ɗauki hoton kowane tsohon kanti, su zauna da dattawan da suka rage su rubuta wanda ya zauna a ciki da abin da ya sayar, a kai kwafi ga hukumar kayan tarihi a ajiye wani a masallaci. 'Yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'unmu kuma mu sa musu sharaɗi ɗaya, cewa kada a sake ba da izinin rufe fuskar tsohon gini sai injiniya ya duba abin da za a rufe, kuma a hana faifai mai roba a tsakiya a cikin kasuwa. Ruwan Afrilu na tafe, kuma akwai indararo a Zongo Lane da bishiya ta tsiro a cikinsa tun bara.